Injin rezin a ɗakin haya a Jidda

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya fara buga ƙananan sojojin wasan tebur da injin rezin, wato injin bugun 3D mai daskarar da ruwan roba (rezin) da haske, shafi bisa shafi har siffa ta fito, a ɗakinka na haya a Jidda. Za ka iya, amma kada ka ajiye shi inda kake kwana. Warin rezin yana hawa kai, ga ɗakunanmu kullum a rufe saboda na'urar sanyaya ɗaki. Nemi wuri mai taga da fanka mai fitar da iska, ka saki labule, don hasken rana yana daskarar da rezin tun yana cikin tirensa.

Ƙaramin inji irin Elegoo Mars ko Anycubic Photon ya ishe ka. Saita kaurin kowane shafi a milimita 0.05, za ka ga har zanen sulke a jikin soja mai tsayin milimita 32. A manhajar Chitubox, wadda ake shirya siffar a cikinta kafin bugu, ɗan kishingiɗar da sojan kafin ka kafa masa sandunan tallafi.

Abin da ya fi damuna hannunka ne. Sau ɗaya na taɓa ɗanyen rezin ba safa, yatsuna suka kwana uku suna ƙaiƙayi. Sa safar hannu ta robar nitril da tabarau, ko da minti ɗaya za ka yi. Sojan zai fito yana danƙo yana ɗiga. Wanke shi a sinadarin isofrofil (wani nau'in alkohol na wanki), ya bushe sarai, ka ɓalle sandunan a hankali, sannan ka haska shi da fitilar UV (mai hasken da ke daskarar da rezin) 'yan mintuna har ya yi tauri.

Ruwan wankin kuwa, don Allah kada ka zuba a magudana. Bar shi a rana cikin kwalba mai haske har dattin ya daskare.