Gaiwa da maganar cin jikinta

Ɗana, saƙonka ya iso tun shekaranjiya, sai yau na samu zama. Kace kaji manya na cewa gaiwa cin jikinta take yi, kuma wai mutane na zuwa da fartanya su haƙo kifi a busasshiyar ƙasa da rani, kana tambaya ko almara ce. Toh ba almara bace, da idona na gani ina yaro, sai dai maganar cin jikin akwai gyara a cikinta.

Gaiwa huhu gareta, guda biyu ma, irin wadda ake samu a Afirka. Shi yasa in kana kallon ruwan da take ciki zaka ga lokaci lokaci ta taso ta buɗe baki ta haɗiyi iska ta koma, kuma in ka tare ta a ƙasan ruwa ka hana ta tasowa mutuwa zata yi, kifi ne amma ruwa na iya kashe shi, kaji ikon Allah.

Idan ruwa ya fara janyewa sauran kifaye na ta mutuwa, ita sai ta nutsa cikin taɓo, da baki take cizon lakar tana fitar da ita ta hudojin gefen kanta har tayi rami, sai ta naɗe jikinta wutsiya ta rufe kai, yauƙin jikinta ya bushe ya zama kamar wata 'yar jaka mai ruwan ƙasa, ta bar ƙaramar kafa daidai bakinta inda iska ke shiga. Wannan kafar ce masu haƙa ke dubawa a saman busasshiyar laka. Na tuna wadda aka fasa a gabana, dunƙulen ƙasa ne kawai, aka ɓare shi sai ga ta a lanƙwashe, fatar jakar kamar busasshen ganye, ka rantse ta mutu, amma da aka sa ta a ruwa bata jima ba ta fara motsi a hankali.

Yanzu maganar cin jiki. Mutane da yawa sun ɗauka wutsiyarta take gutsira tana ci saboda suna ganin wutsiyar kusa da baki, ba haka bane. A cikin ramin bata cin komai bata shan komai, bugun zuciyarta ya ragu, numfashi ya ragu, jikin sai ya riƙa narkar da tsokarta kaɗan kaɗan yana rayuwa da ita, shi yasa take fitowa a rame. Kaga kenan magabata sun faɗi gaskiya, da haƙori ne dai bata ci. Abinda yafi bani mamaki shine ƙazantar jikinta, tunda babu ruwan da zai wanke mata, sai ta juya ta zuwa wani sinadari mara dafi sosai da ake kira yuriya ta tara shi a jiki har damina ta sauka ta zubar. A daji watanni take yi a haka, amma masu bincike sun ajiye ta shekara 3 zuwa 4 ta farfaɗo.

Kuma ba Afirka kaɗai take ba. Iri 6 ne suka rage a duniya, 4 a Afirka, ɗaya a yankin kogin Amazon a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostareliya, ita ta Ostareliyar huhu ɗaya gareta kuma bata iya wannan kwanciyar ramin. Danginsu sun kai shekara miliyan 400 a duniya bisa ƙasusuwan da aka tono, kuma cikin kifayen da ke raye sune mafi kusanci da dabbobi masu ƙafa huɗu. Akwai wata ta Ostareliya da aka kai gidan kifaye a birnin Chicago na Amurka a 1933, sai 2017 ta mutu.

In ka taɓa kama mai rai ka kiyayi bakinta fa, haƙoranta faffaɗa ne masu ƙarfi, da su take fasa dodon koɗi. Kuma in kaga babba tana gadin rami cikin ciyayi da damina ka ƙyale shi, namijin ne, shi ke tsaron ƙwai da 'ya'yan har su iya fita.

Ka gaida mamanka da ƙannenka.