Tambarin CE da FCC ba su ne izinin shigowa Najeriya ba

Wani ɗan kasuwa daga ƙauyukan Gumel, mai cin kasuwar Maigatari duk Alhamis, ya aiko da tambaya: "Ina sayar da ƙananan wayoyi da caja da fawabank. Na sayar da riɗi na haɗa naira miliyan 4, ina so in yo odar kaya kai tsaye daga Sin. Wanda muke magana da shi ta WhatsApp ya ce kayansa duk suna da CE da FCC, ba mai tare su. Ya kuma tallata mini na'urar ƙara ƙarfin sabis, kuma na san za ta karɓu a wajenmu. In tura kuɗin?"

Alhaji, Allah ya sanya albarka a nema. Kada ka tura tukuna.

Ɗauki caja ɗaya daga cikin tirenka ka juya bayanta. Waɗannan ƙananan haruffa da ke jere, kowanne na wata ƙasa ne. CE na Tarayyar Turai ne, FCC na hukumar sadarwa ta Amurka, CCC kuwa na Sin. Babu namu a ciki. Kuma shi CE, a yawancin kaya, kamfanin ne da kansa yake shelar cewa ya cika ƙa'ida ya buga, don haka mai algus ma ba ya rasa tawadar bugawa. Tambarin da ba takardar gwaji a bayansa ado ne kawai.

Ƙofofinmu biyu ne. Duk abin da ke kama sabis ko Wi-Fi ko Bluetooth sai hukumar sadarwa ta NCC ta amince da samfurinsa kafin a sayar, bisa dokar sadarwa ta 2003, kuma tana wallafa jerin wayoyin da ta amince da su a shafinta na intanet. Ta biyu ita ce SON, mai kula da ingancin kaya, da tsarinta na SONCAP. Ana gwada kayan tun a ƙasar da aka ƙera su, a ba da takardar shaidar samfuri, da ita za ka buɗe Fom M, wato takardar neman shigo da kaya, a banki. Sannan kowane lodi yana da tasa takardar, wadda kwastan ke nema kafin su saki kaya. Wanda ya tsallake wannan, a tashar jirgi zai gane, kaya na zaune kuɗin ajiya na hawa kullum.

Ni abin da ya fi damuna ma ba kwastan ba ne, mai sayenka ne. Wayar da aka ƙera don wata kasuwa tana iya zuwa ba ta dace da zangon sabis (wato mitar da waya ke kama sabis a kai) da kamfanoninmu ke aiki a kai ba. Kira na 2G a nan kan 900 da 1800 yake, 4G kuwa kowane kamfani da nasa zangon. A cikin birni ba lallai a lura ba, amma a ƙauyen da turken sabis ɗaya ne, shi ma daga nesa, nan take asiri ke tonuwa. Manomin da ya sayar da akuya ya sayi waya, ya hau tudu yana ɗaga hannu sama bai samu ko sanda ɗaya ba, wajenka zai dawo Alhamis mai zuwa, kuma a gaban jama'a zai yi magana. Haka batun wuta: ƙarfin tamu bolt 230 ne, na Amurka 120. Ka duba an rubuta 100 zuwa 240 a jikin caja, balle da yake yawancin masu sayenka a shagon caji da janareta suke jona waya.

Na'urar ƙara sabis kuwa, cire ta daga lissafi gaba ɗaya. NCC ta sha gargaɗi cewa sayar da ita da girka ta ba tare da izini ba laifi ne, domin tana dagula wa maƙwabta sabis. Na san irin wahalar da mutanenmu ke sha wajen neman sabis, amma ba zan so kuɗin riɗinka ya ƙare a kayan da za a iya kwashewa rana ɗaya ba.

Fawabank ma yana da nasa sharaɗin: batirin litiyam ba ya hawa jirgin sama sai da takardar gwajin da ake kira UN 38.3.

A ganina miliyan 4 ba ta kai ka ɗauki nauyin waɗannan takardu kai kaɗai ba, kuɗinsu zai cinye ribar. Ka shiga Kano, Farm Centre ko titin Beirut, ka sari wajen dilan da ke shigo da sanannen samfuri da garanti, ka karɓi rasit mai lambar samfurin. Kafin ka biya, buɗe kwali ɗaya, danna *#06#, ka tabbata lambobi 15 da suka fito su ne na jikin kwalin.

In kuma ranka na kan oda, ka ce wa mutumin ya turo maka lambar samfurin, da rahoton gwaji mai sunan ɗakin gwajin, da shaidar NCC da ta SONCAP, sannan ya aiko da guda biyu. Ka saka musu layin MTN da na Airtel, ka yi mako guda kana yawo da su a ƙauyenku kafin a yi maganar kafin alƙalami.