Korona a 2020: an ƙara wa dokar kulle kwana 30, ga kayan Sallah na bashi a shago: me za a yi?

A shekarar 2020, lokacin dokar kulle ta korona, wani mai sayar da atamfa da shadda da leshi a Kasuwar Sabon Gari, Zariya, ya aiko da tambaya. Ya ce kafin a rufe gari ya ɗauko kayan Sallah na naira miliyan 1.8 daga Kantin Kwari a Kano, kuma ana binsa 700,000 da ya yi alkawarin biya kafin Sallah. Kuɗin da ke hannunsa 250,000 ne, ga yaran shago biyu, ga hayar shago ta kusa. Yana tambaya ko ya nemi rancen Babban Banki, ko ya koma sayar da kayan abinci. Ga amsar da muka ba shi a lokacin.

Alhaji, Allah Ya kawo mana sauƙi. Mu fara da kalanda, domin daga nan lissafin ya tashi. Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa dokar zaman gida saboda korona ranar 26 ga Maris, 2020, ta kuma ƙara mata kwana 30 daga 26 ga Afrilu. An ɗauki azumi 24 ga Afrilu, saboda haka Sallah za ta riga wa'adin cika. Ko da an buɗe kasuwa ranar da wa'adin ya cika, cinikin Sallah ƙarama a bakin shago ya wuce ka. Kuma dokar da aka ƙara wa kwanaki sau ɗaya ana iya sake ƙara mata, tunda adadin masu kamuwa ake dubawa. Ka tsara al'amarinka kamar shagon zai kai wata uku a rufe.

Abin da zai riƙe ka a wannan tsakanin tsabar kuɗi ne. Ɗauki biro ka rubuta abin da ke fita kowane mako. A ce cefanen gida da magani da kati 27,000, abin da kake ba yara 8,000, jimla 35,000. Ka ga 250,000 za ta kai ka mako bakwai. In ka ɗebi 200,000 ka tura Kano don kunyar maigidanka da ya ba ka kayan bashi, abin da ya rage ba zai wuce kwana goma ba, kuma har yanzu ana binka rabin miliyan. Kada ka yi haka.

Ka kira shi yau, kafin ranar alkawari ta zo. Wanda ya yi magana da wuri ana kallonsa mai amana, wanda kuma ya kashe waya sai an dinga nemansa ya zubar da mutuncin da ya yi shekaru yana tarawa. Ka faɗa masa adadin turamen da suka rage, sannan ka miƙa tayi mai lamba: duk abin da ka sayar a mako, kashi 40 cikin ɗari nasa ne, za ka tura ta banki a rana ɗaya tsayayya. Kayan da ba a yanka ba kuma ka ga ba sa tafiya, musamman leshi mai tsada, ka roƙi ya karɓe su a farashin da ya ba ka idan hanyar Kano ta buɗe. Ya san halin da ake ciki, shi ma Kano a rufe take. Alƙur'ani ya yi umarni a jinkirta wa mai bashin da ke cikin ƙunci, ya kuma yi umarni a rubuta bashi. Don haka abin da kuka tsayar ka rubuta ka tura masa ta WhatsApp, ya amsa, wani dattijon layinku ya zama shaida. Wanda ya ba ka hayar shago ma haka: ka nemi a raba hayar shekara gida uku ko huɗu.

Yanzu kayan. Kada ka kutsa kasuwa a ɓoye. Akwai kotun tafi-da-gidanka, tara da kwace kaya za su ci fiye da ribar da kake hange. Ka bi ta shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa ka ji ko ana ba da damar ɗauko kaya a ranar sassauci, wato ranar da ake ɗage dokar a fita sayayya. In an ba ka, ɗauki masu saurin fita ka kai gida: atamfa mai matsakaicin kuɗi, shaddar yara, yadin maza. Waɗanda za ka bari, ɗaga su daga ƙasa ka ɗora kan katako, ka lulluɓe da leda, ka duba kwano. Damina ta ƙaraso, ɗigon ruwa ɗaya a kan farar shadda har tsawon wata guda ya isa ya mai da ita ta gwanjo, ban da gara da ɓera.

Lokacinka gajere ne fiye da yadda kake zato, domin teloli kan daina karɓar ɗinki tun azumi ya raba tsakiya. Ka ɗauki hoton kowane turmi da hasken rana, a buɗe, ka rubuta farashi a jiki, ka tura wa tsofaffin kwastomominka da telolin da ka sani; duk telan da ya kawo mai saye ka ba shi 200 ko 300 a turmi. A biya ta banki kafin kaya su fita, kuma kada ka yarda da saƙon shigar kuɗi kawai, duba ragowar asusunka da kanka, saboda akwai saƙon bogi. Ka tara saƙonnin unguwa ɗaya su tafi tare a ranar sassauci: Tudun Wada da Gyallesu da Ƙofar Doka tafiya ɗaya, Hanwa da Samaru tafiya ɗaya. Kada ka sa rai sosai da Samaru da Kongo, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun tafi gida. Ka yarda da riba kaɗan. Turmin da ka saba cin 1,000 a kai, in 400 ta samu ka sake shi, domin zanen bana kan tsufa kafin babbar Sallah. Bashi kuwa ka tsayar da bayarwa gaba ɗaya.

Akwai wata ƙofa a cikin sana'arka. A 2020 an wajabta sa takunkumin fuska ga mai fita. Yadi ɗaya na atamfar auduga yana ba da kamar goma zuwa goma sha biyu masu ruɓi biyu. Ragowar yadudduka da zanen da ya daɗe bai fita ba, ka ba tela ya ɗinka, yaranka su sayar, a raba riba. Haka za su sami na kashewa ba tare da ka sallame su ba.

Batun abinci, ba mu ba ka shawarar juya jarinka can ba. Ribar buhu siririya ce, masu yi sun san inda suke saro da araha, kai kuma za ka shiga ne lokacin da farashi ya riga ya hau. Wake yana yin ƙwari, mudu yana cin wanda bai iya awo ba. In ka matsu, gwada da 50,000 a kayan azumi da ba sa lalacewa da wuri, sukari da gero da dabino da taliya, a ƙofar gida. In kuɗin bai juya sau biyu cikin mako biyu ba, ka tsaya.

Rancen da ka ji labari gaskiya ne. A 2020 Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 ta hannun NIRSAL Microfinance Bank; an ba magidanci damar neman har miliyan 3, ƙaramin kamfani har miliyan 25. Da farko an tsara ruwansa ya zama kashi 5 cikin ɗari zuwa ƙarshen Fabrairun 2021, daga nan ya koma 9. Ana cikewa ta intanet da lambar BVN, kuma bankin ya ce ba a biyan kuɗin nema, don haka duk wanda ya ce ka kawo wani abu ya shigar da sunanka, ka rabu da shi. Masu nema suna da yawa ƙwarai, kada ka ɗaura alkawarin Kano a kan kuɗin da bai shigo ba. Sannan bashi ne da za a biya, ba kyauta ba. Cin sa don biyan hayar shagon da ke rufe ƙarin nauyi ne kawai. Amfaninsa sai in zai sayo kayan da ka tabbata za su fita. In maganar ruwa ta dame ka, ka tambayi malaminka, ko ka nemi ɗan'uwa mai kuɗi ya zuba jari a kan turame ƙididdigaggu, ku rubuta yadda za a raba riba da ranar da za a yi lissafi.