Tasirin abokai ga matasa 'yan asalin Meziko a makarantun Amurka

Malam, ka tambayi ko abokai suna shafar yadda matasa 'yan asalin Meziko suke sabawa da makaranta a Amurka. Ƙwarai kuwa, musamman a aji na 9, farkon babbar sakandare. A jihohin Kalifoniya da Texas, inda suka fi yawa, iyayen da suka yi ƙaura ba su cika sanin tsarin makarantun ba, don haka sau da yawa abokin da ke jin Sifaniyanci da Turanci ne yake nuna wa ɗalibi darussan da jami'o'i suke buƙata. A ganina, wanda ya fi cutuwa shi ne yaron da aka keɓe a ajin koyon Turanci, domin da wuya ya haɗu da irin wannan aboki.