Tambaya da Amsa: Karen maigidana na ɗingishi, an ce a tsaga tafin a ciro tsutsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni mazaunin Obalende ne, ina aikin kula da karnuka a wani gida a Ikoyi. Cikinsu akwai wani dogo siriri irin na tsere, girehawun, wanda maigida ya zo da shi daga Ingila, shekararsa shida. Yau kusan wata uku ke nan yana ɗingishi da ƙafar gaba ta dama. A kan ciyawa sai ya ruga da gudu lafiya lau, amma da ya taka intalok ko tayil sai ya riƙa ɗage ƙafar. Na duba tafin, na ga wani ɗan abu zagayayye mai tauri a ƙarƙashin yatsar tsakiya. Wani mai yi wa karnuka allura da ke zagaya unguwar ya ce tsutsa ce ta shige, sai an tsaga da reza an ciro ta, a ɗiga Sniper a ramin don kada ta bar ƙwai. Kafin ya zo ya ce in riƙa ba shi maganin ciwon jiki na mutane, diclofenac. Na ba shi kwana uku, yanzu ya rage cin abinci. Maigida ya yi tafiya, ni aka bar wa amana, kuma da aikin nan nake riƙe da iyali. Don Allah in bari ya tsaga?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka bari. Kuma kafin mu je ga ƙafar, ka dakatar da diclofenac ɗin nan yau, kada ka ƙara ko ƙwaya ɗaya. A yanzu shi ya fi ba ni tsoro. Cikin kare ba ya jure wannan magani yadda namu ke jurewa. Yana ƙwaƙule masa tumbi har ya yi gyambo, yana kuma taɓa ƙoda. Ibuprofen ma haka. Kare da ya sha shi kwana uku sannan ya juya wa abinci baya, asibiti ya kamata ya kwana da sanin halinsa. Ka duba kashinsa: in ya koma baƙi ƙirin mai danƙo, jini ne ke zuba a ciki. Ka ɗaga leɓensa ka dubi dasashi, in ya yi fari fat ko yana amai, kada ka jira gari ya waye. In za a gwada jininsa, ka tuna wa likitan cewa girehawun ne, domin su a halittarsu jininsu ya fi na sauran karnuka kauri, har adadin da za a ce ba laifi ga wani kare, ga naka yana iya zama alamar ya yi asarar jini.

To, ƙafar. Ban ga karen ba, amma yadda ka zayyana, kusan duk alamomin kantar tafi sun cika: kare daga dangin masu tsere, ƙafar gaba, yatsar tsakiya, ɗingishin da ke ɓacewa a ciyawa ya dawo a daɓe mai tauri. Wani likitan tiyatar dabbobi a Ingila, Mike Guilliard, da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2010 a kan karnuka 30 masu wannan ciwo, kuma abin da suka samu ke nan: kusan tara cikin goma a ƙafar gaba suke, a yatsu biyun tsakiya masu ɗaukar nauyi. Ka jiƙa tafin da ruwa, zoben zai fito sarai. Ka matse matashin yatsar daga gefe da gefe da ɗan yatsanka da babban yatsa. In kanta ce zai fizge ƙafar nan take. Fata ce kawai ta taru ta yi tauri, ta yi tsini zuwa ciki. Girehawun ba shi da kitse sosai, har a tafinsa matashin siriri ne, don haka ƙashin yatsa ke danno fatar daga sama, siminti na danno ta daga ƙasa. Kamar tsakuwa ce a cikin takalmi, sai dai shi ba shi da halin cirewa.

Yanzu bari in tsaya a kan maganar tsutsa, domin na gaji da ita. Ba ranar da za ta fito ta faɗi ban ji ta ba, daga Agege har Ajah. Duk wani ƙullutu a jikin kare, tsutsa. Duk wani tauri, "yana da saiwa, sai an tono saiwar". Mutanenmu sun yarda cewa in ciwo ya ƙi tafiya to akwai wani abu mai rai a ciki da za a kashe, kuma masu yawo da jakar allura sun san haka, shi ya sa suke sayar mana da kisan.

Ban ce babu tsutsa a Legas ba. Akwai ta, da yawa ma. Ƙudan nan da ke yin ƙwai a ƙasa mai danshin fitsari, tsutsarsa na huda fatar kare ta zauna. Amma ka san kamanninta, tunda aikinka ne: kumburi mai laushi, ja, da 'yar ƙofa a tsakiya da take shaƙar iska, in ka matsa ruwa ya fito, wani lokaci ka ga kan tsutsar na motsi. Ta fi son fata mai taushi, ciki, cinya, tsakanin yatsu. Sannan ba ta daɗewa. Cikin mako biyu ta gama girma ta faɗo ƙasa da kanta. Jiga ma akwai ta a ƙauyukan Badagry, kuma tana kama tafin kare, amma ita fari ce da ɗigon baƙi a tsakiya, ga ƙaiƙayi, kuma cikin 'yan makonni take mutuwa. Wace irin tsutsa ce za ta yi wata uku a wuri ɗaya, busasshiya, ba ƙofa, ba ruwa, ba wari, sannan ta san bambancin ciyawa da intalok? Ka yi wa mai allurar wannan tambaya ka ji abin da zai ce.

Ga abin da ke faruwa in an ba shi dama. Zai sa ku danne karen, mutum biyu ko uku, ya ɗaure masa baki da tsumma. Zai yanka da reza, ya ga farin abu mai tauri, ya ciro guntu ya nuna maka a tafin hannu ya ce ga kan tsutsar. Ba kan tsutsa ba ne, fatar ce. Da yake yana neman abin da babu, ba zai san inda zai tsaya ba, zai yi ta shiga har ya wuce fata ya kai ga nama, kuma tsakanin nan da jijiya da gaɓar yatsa 'yan milimita ne kawai. Tafin kare wuri ne mai wuyar warkewa, saboda duk taku sai raunin ya buɗe. Ka haɗa wannan da ruwan kwata da ke malala a titunanmu da damina. Karnukan da ake kawo mana bayan irin wannan aiki, za ka ga yatsa ta kumbura ta ninka biyu, farce ya karkace, mugunya na fita ta gefe, hoton ƙashi ya nuna ciwon ya ci gaɓa. Wanda da kankarewa kawai yake buƙata, sai an yanke masa yatsa. Garin neman gira an rasa ido. In kuma ya tsira, tabon da reza ta bari shi ma tauri yake yi, sai kantar ta dawo a kansa, ta fi ta da zafi.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanci girehawun da mai jakar allura bai taɓa ji ba. Wasunsu suna zubar da jini a makare: a yi yanka yau jini ya tsaya, sai gobe ko jibi wurin ya ɓalle, jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. Likitan da ya san irinsu yana shirin wannan tun kafin ya taɓa wuƙa, da maganin tsayar da jini irin su tranexamic acid. Haka allurar barci: tsohuwar nan thiopental tana kwantar da girehawun ya daɗe bai farfaɗo ba. Mutumin da bai san waɗannan biyu ba, ba shi da hurumin kusantar karenka da ƙarfe.

Sai Sniper. Wallahi wannan abu ya zame mana annoba. Dichlorvos ne, maganin ƙwarin gona, guba ce da ke ratsa ko lafiyayyar fata, balle buɗaɗɗen rauni, balle kuma kare da zai sa harshe ya lashe. Dalala, rawar jiki, zawo, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sarƙe. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da shi barkatai a kasuwa da kantuna, amma har gobe za ka same shi a tiren mai talla a cikin gosulo. Ku da za ku riƙe karen ma hannunku zai sha. Kuma kada wani ya ce maka to a bar Sniper a sa baƙin mai, ko kananzir, ko ruwan batir, ko a ɗora jan ƙarfe. Duk jirgi ɗaya ya kwaso su: ana ƙona nama mai rai don a kashe abin da tun asali ba shi da rai. Filastar cire kanta ta mutane da ake sayarwa a kemis ma ka bar ta, sinadarinta ya yi ƙarfi, tana cinye lafiyayyar fatar gefe, ga shi kare zai ɓamɓare ya tauna. Har allurar kashe tsutsa, ivermectin, da suke dirka wa kowane kare, ko me ke damunsa, ba abin da za ta yi wa kanta.

Ni abin da ke ɓata min rai, kare mai tsada irin wannan, an biya kuɗin jirgi an cika takardu an shigo da shi, a ƙarshe lafiyarsa ta koma hannun wanda iliminsa duka shi ne ya taɓa riƙe wa wani likita jaka. Duk wanda ya ce shi likitan dabbobi ne, ka tambaye shi lambar rajistarsa da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Dabba ba ta da bakin kai ƙara, haƙƙinta kuwa yana wuyan wanda aka ba riƙo da wanda ya karɓi kuɗi ya cuce ta.

Me ya kamata a yi? A asibiti, farko a ɗauki hoton ƙafar. Wani lokaci tsinin kwalba ko yashi ne ya nutse fata ta rufe a kai, kuma ba mu cika rasa fasassun kwalabe a garin nan ba. Sannan girehawun da ya fara manyanta yana cikin karnukan da sankarar ƙashi ke yawan kamawa, don haka ba a ɗora duk ɗingishi a kan kanta ba tare da an laluba ƙafar har kafaɗa ba. In an tabbatar, likita zai ɓare kantar da ɗan ƙarfen da likitocin haƙori ke ɗaga saiwar haƙori da shi. Yana bin gefen zoben a hankali har dunƙulen ya fito ya bar ɗan rami. In an yi daidai ba jini, yawanci ko allurar barci ba a buƙata, kuma sau da yawa kare na fita yana taka ƙafarsa. Ka ga bambancinsa da reza: ana tsayawa inda matacciyar fata ta ƙare.

Amma in gaya maka gaskiya don kada gobe ka ce an yaudare ka, za ta dawo. Bayan 'yan makonni sai an sake. Dawowarta ba ta nufin an bar saiwa. Matsin da ya haife ta ne yake nan. Ko yanke ta da tiyata a ɗinke, a binciken da na ambata, fiye da rabi sun dawo daga baya. Shi ya sa a 'yan shekarun nan aka karkata ga wata dabara da shi Guilliard ɗin ya yaɗa: a yi ɗan ƙaramin yanka a datse jijiyar da ke lanƙwasa wannan yatsar, sai ta miƙe ta daina ɗaukar nauyi, kantar ta rasa mai danna ta, a mafi yawan karnuka ta bushe ta faɗi cikin makonni. Farcen zai ɗan ɗaga sama, abin da za a gani ke nan. A ganina ita ce ta fi dacewa da karen da aka gaji da ɓare masa, amma aiki ne na likitan tiyata, kuma shawara ce ta maigida. Yanke yatsa shi ne na ƙarshe, ba a fara da shi.

Naka aikin a gida ba shi da yawa. Ka rage masa farce, dogon farce na ƙara matsi. Ka jiƙa ƙafar da ruwan ɗumi da yamma, ka shafa man da likita zai ba ka mai tausasa fata, ka ɗan goge saman kantar da fayil ɗin farce, iya tudun da ya fito kawai. Yawo da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, a kan ciyawa ko yashi, don kwalta da intalok na Legas da rana suna gasa tafi. In dole sai ya taka daɓe, a samo masa takalmin karnuka mai soso a ciki, amma a cire da an dawo. Danshin garin nan in ya kwana a cikin takalmi tsakanin yatsu ruɓewa yake.

Batun aikinka kuwa, Malam, na fahimci tsoronka. Ka kira maigida yau, ko ka tura masa saƙo da hoton tafin da ɗan bidiyon karen yana tafiya a ciyawa da kan tayil. Ka gaya masa har maganin da aka ba shi, da kwana nawa, da ƙwaya nawa. Kantar ba sakacinka ba ce, ciwon irinsu ne, a Ingilar ma suna fama da shi. In za ka tafi asibiti, ka ɗauki kwalin diclofenac ɗin a aljihu, likita zai so ya ga miligiram nawa ne a rubuce.