Sai na biya Microsoft kafin in sayar da na'urata?

Tambaya: Malam, ina haɗa ƙananan na'urorin ajiyar fayil ina sayar wa makarantu a Kano. Manhajar Samba nake ɗora musu domin su riƙa musayar fayil da kwamfutocin Windows. Abokina ya ce ƙa'idar sadarwar, wato SMB, ta Microsoft ce, sai na sayi lasisi. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. An sha fama a kan wannan batu a Turai. A 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Microsoft tarar yuro miliyan 497, ta kuma umarce shi ya bayyana wa abokan gasa yadda kwamfutocinsa ke sadarwa. Kotu ta tabbatar da hukuncin a Satumban 2007. Watanni uku bayan haka, wata gidauniya mai suna PFIF ta biya Microsoft yuro 10,000 sau ɗaya tak, masu haɗa Samba suka samu takardun bayanin ƙa'idojin sadarwar.

Sai dai ka lura, yarjejeniyar ba ta ba su lasisin haƙƙin ƙirƙira (patent, wato haƙƙin mallakar sabuwar fasaha) ba. Jerin haƙƙoƙin da Microsoft ke iƙirari aka miƙa musu, don su san inda ƙaya take su kauce mata. Da gangan suka zaɓi haka, kuma a ganina sun yi daidai: Samba na ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar kwafa ya raba, kuma hakan ba ya tafiya da biyan kuɗi kan kowane kwafi.

Don haka ci gaba da Samba. Nauyin da ke kanka, wanda da yawa ke mantawa, shi ne ka ba abokan cinikinka takardar GPL da hanyar samun asalin rubutun manhajar. Haƙƙin ƙirƙira kuwa a ƙasar da aka yi masa rajista kaɗai yake aiki. Ranar da za ka fara kai kaya Turai ko Amurka, ka nemi lauya kafin ka ɗaure kwali.

Tambaya: Daga Maraɗi nake. An yi mini tayin lasisin wata fasahar sadarwa, an rubuta FRAND a ciki. Kyauta ke nan?

Amsa: A'a, malama. Alkawari ne na farashin adalci ba tare da nuna bambanci ba, amma akwai biya. Ki tambaye su a rubuce: nawa ne kan kowace na'ura, kuma lasisin ya shafi dillalan da za su saya a hannunki su sake sayarwa? Ki kuma nemi lambar rajistar haƙƙin nasu a hukumar OAPI da ke Yawunde, domin ita ke yi wa Nijar rajistar haƙƙin ƙirƙira.