Tambaya da Amsa: Iƙirarin Kare Kai Bayan Harbi a Wurin Zanga-zanga

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, kuma dukkansu sun taɓo shari'o'in da aka yi a Amurka bayan zanga-zangar shekarar 2020, inda mutanen da suka harbe wasu suka ce sun yi haka ne don tsira da rayukansu.

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. Har yau na kasa fahimtar shari'ar matashin nan Kyle Rittenhouse. Ya bar garinsu ya je wani gari, ya shiga cikin masu zanga-zanga riƙe da babbar bindiga, ya kashe mutum biyu ya raunata na uku, amma kotu ta wanke shi tas. Wace irin doka ce ke kiran wannan kare kai? Daga Malam Habibu.

AMSA: Malam Habibu, mamakinka yana kan hanya, kuma kana da abokan mamaki da yawa har a cikin Amurkar kanta. Sai dai kafin a ce kotu ta yi daidai ko ta kuskure, ya kamata a san tambayar da aka ɗora a gabanta, domin ta fi wadda jama'a suke yi ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Ga yadda abin ya faru a taƙaice. A ranar 23 ga Agusta, 2020, wani ɗan sanda ya harbi wani baƙar fata mai suna Jacob Blake a garin Kenosha na jihar Wisconsin, lamarin da ya haifar da zanga-zanga da ƙone-ƙone. A daren 25 ga watan, Rittenhouse, mai shekara 17, wanda ke zaune a garin Antioch na jihar Illinois mai maƙwabtaka, yana cikin masu ɗauke da makamai da suka ce sun fito gadin dukiyar jama'a. Da bindiga samfurin AR-15 ya kashe Joseph Rosenbaum da Anthony Huber, ya kuma raunata Gaige Grosskreutz a hannu. A ranar 19 ga Nuwamba, 2021, mutum goma sha biyu masu taimaka wa alƙali yanke hukunci suka wanke shi daga tuhume-tuhume biyar da suka rage a kansa.

Dokar Wisconsin ta halatta wa mutum ya yi amfani da ƙarfin da zai iya kisa idan ya yi imani cewa hakan ya zama dole don ya kauce wa mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da samunsa, da sharaɗin cewa mai hankali da ke tsaye a inda yake tsaye zai iya yin irin wannan imanin. Abu biyu ke nan ake dubawa, wato ko ya ji tsoron da gaske, da kuma ko tsoron nasa yana da dalili. Sannan akwai abu na uku wanda shi ne ya fi nauyi kuma aka fi mantawa da shi: da zarar wanda ake tuhuma ya kawo wata hujja da ke nuna kare kai, nauyin ya koma kan mai gabatar da ƙara, shi ne zai tabbatar, ba tare da barin wani kokwanto mai ma'ana ba, cewa ba kare kai aka yi ba. Saboda haka ko da masu yanke hukuncin sun fi karkata ga cewa matashin yana da laifi, muddin akwai sauran shakku na gaskiya a zukatansu, doka ta wajabta musu su sallame shi.

Da wannan ma'auni aka auna harbin guda-guda, kowanne cikin 'yan daƙiƙoƙinsa. Bidiyo ya nuna Rosenbaum, wanda ba ya ɗauke da bindiga, yana bin Rittenhouse a guje, wani mutum daban ya yi harbi sama a bayansu, kuma wani shaida da ke kusa ya ce ya ga Rosenbaum ya kai hannu ga bindigar. Huber ya bugi Rittenhouse da allon wasan zamiya mai ƙananan tayoyi bayan ya faɗi ƙasa. Shi kuwa Grosskreutz, wanda shaidan gwamnati ne, ya amsa da bakinsa a gaban kotu cewa ƙaramar bindigarsa tana fuskantar Rittenhouse a lokacin da aka harbe shi. Lauyan da ya ji shaidansa ya faɗi haka ya san cewa aikinsa ya ƙara wuya.

Mai gabatar da ƙara, Thomas Binger, ya dogara ne da ƙa'idar tsokana, wadda ta ce wanda ya takalo faɗa ta hanyar aikata abin da doka ta hana ba zai fake da kare kai ba, sai idan ya yi iya ƙoƙarinsa na tserewa ya rasa mafita. Ya ce Rittenhouse ne ya fara nuna wa mutane bindiga, amma hoton da ya kawo daga wani jirgi maras matuƙi dishi-dishi ne, kuma ga matashin an gan shi yana gudu. Tambayar da ke cin ranka, Malam Habibu, wato me ya kai yaro ɗan shekara 17 tsakiyar tarzoma da irin wannan makami, ba ta cikin tuhume-tuhumen da aka yanke hukunci a kansu. Tuhumar riƙe makami ga wanda bai kai shekara 18 ba alƙali ya yi watsi da ita kafin a ƙare, saboda yadda aka tsara dokar jihar ya bar ƙofa ga dogayen bindigogi masu tsawon baki na ƙa'ida. A ganina wanke shi ya yi daidai da dokar kamar yadda take a rubuce, kuma zuwansa wurin ganganci ne da ya jawo asarar rayuka biyu. Mutum zai iya riƙe waɗannan ra'ayoyi biyu a lokaci guda ba tare da ya saɓa wa kansa ba.

TAMBAYA: Malam, na karanta cewa alƙalin ya hana a kira waɗanda aka kashe da sunan waɗanda aka zalunta, amma ya yarda a kira su 'yan tarzoma. Ashe wannan ba son kai ba ne ƙarara? Kuma da baƙar fata ne ya yi harbin, anya za a sallame shi? Daga Hajiya Bilkisu.

AMSA: Ranki ya daɗe, abin da kika karanta gaskiya ne, amma yana da bayani. Alƙali Bruce Schroeder ya daɗe yana hana amfani da wannan kalma a kotunsa tun kafin wannan shari'a, kuma dalilinsa yana da tushe: a shari'ar da ba a musun cewa an yi kisa, ana musun ko kisan laifi ne, kiran mamacin wanda aka zalunta tamkar yanke hukunci ne tun kafin a saurari shaidu. Inda na rabu da shi shi ne rabi na biyu. Ya ba lauyoyin Rittenhouse damar kiran mutanen masu tarzoma ko masu ƙone-ƙone a jawabin rufewa idan akwai hujja, alhali su ba a gurfanar da su ba, biyu daga cikinsu kuma suna kabari, ba su da bakin musantawa. Idan kalma ɗaya tana iya karkatar da zuciya, ɗaya kalmar ma tana iyawa.

Akwai wani hukuncin nasa da ya fi wannan tasiri, ko da yake bai yi suna kamarsa ba. Masu gabatar da ƙara sun so su nuna wani bidiyo da aka ɗauka kimanin mako biyu kafin harbin, inda ake jin muryar da suka ce ta Rittenhouse ce tana fatan da bindigarsa na hannunsa ya harbi wasu da yake zargi da sata a wani kanti. Alƙalin ya hana, bisa tsohuwar ƙa'idar da ta ce ba a hukunta mutum da halinsa na jiya, sai da abin da ya aikata a ranar da ake magana. Ƙa'idar tana kare kowa, musamman talakan da ya taɓa shiga hannu. Amma a shari'ar kare kai, inda komai ya rataya a kan abin da ke cikin zuciyar mai harbi, maganar da ya furta kwanaki kaɗan kafin nan tana da alaƙa da niyyarsa, kuma wani alƙalin zai iya yarda da ita ba tare da ya keta doka ba.

Game da launin fata, ya kamata a faɗi cewa mutum ukun da aka harba duk farare ne, ko da yake zanga-zangar ta taso ne kan harbin baƙar fata. Kwana biyar bayan wanke Rittenhouse, a jihar Georgia, masu yanke hukunci goma sha biyu, goma sha ɗaya daga cikinsu farare, sun sami wasu farare uku da laifin kisan Ahmaud Arbery, baƙar fata, suka yi fatali da iƙirarin kare kai domin su ne suka bi shi da motoci, biyu daga cikinsu ɗauke da makamai. Wannan bai share tambayarki ba. Bambancin yakan fito ne a matakan da ido bai cika kaiwa ba. An yi fiye da wata biyu ba a kama waɗanda suka kashe Arbery ba, sai da bidiyon ya bazu. Rittenhouse ya nufi motocin 'yan sanda da hannuwa a sama da bindiga a rataye, suka wuce shi, sai daga baya ya miƙa kansa a garinsu. Magoya bayansa sun tara dala miliyan 2 na beli, suka kuma samar masa da ƙwararrun lauyoyi, abin da galibin waɗanda ake tuhuma ba sa ko mafarkinsa. Kwanaki kaɗan bayan Kenosha, wani mai ra'ayin sauyi, Michael Reinoehl, ya harbe Aaron Danielson a birnin Portland, shi ma ya ce kariya ya yi, amma jami'an da aka tura kamo shi suka harbe shi a ranar 3 ga Satumba, 2020, don haka babu kotun da ta taɓa auna maganarsa.

TAMBAYA: Malam, idan mutum biyu suka haɗu a wurin zanga-zanga, kowanne da bindiga, kowanne yana tsoron ɗan'uwansa, wane ne mai kare kai a cikinsu? Daga Malam Isiyaku.

AMSA: Malam Isiyaku, ka sa yatsa a kan ainihin gyambon. A bisa ƙa'ida, duka biyun suna iya zama masu gaskiya. Da Grosskreutz ne ya riga harbi, da shi ma zai ce ya ga mutumin da ya kashe wasu yanzun nan riƙe da bindiga, kuma da wuya a ƙaryata shi. An gina dokar kare kai ne a kan zaton cewa akwai mai kai hari akwai wanda aka kai wa, amma a jihar da ta halatta yawo da bindiga a fili, makamin kowa yana iya zama hujjar tsoron ɗan'uwansa, kuma wanda ya rayu shi kaɗai ne zai zauna ya bayyana abin da ya ji a ransa.

Shari'ar Daniel Perry a jihar Texas ta nuna wannan a sarari. A ranar 25 ga Yuli, 2020, Perry, saja a rundunar sojin ƙasa wanda ke aikin tuƙin Uber a lokacin hutunsa, ya kutsa da motarsa cikin masu zanga-zanga a birnin Austin. Garrett Foster, tsohon sojan sama mai shekara 28, ya matso kusa da motar ɗauke da bindiga samfurin AK-47, wadda dokar jihar ta ba shi damar riƙewa. Perry ya harbe shi har lahira, ya ce Foster ya ɗaga makamin. Shaidu suka ce bai ɗaga ba, Perry da kansa ya shaida wa 'yan sanda cewa bai so ya ba shi damar saita shi ba, kuma a wannan karon kotu ta yarda a karanta saƙonnin da ya taɓa aikawa yana maganar harbin masu zanga-zanga. Ki lura, Hajiya Bilkisu, irin hujjar da aka hana a Kenosha ita ce aka saurara a Austin. A watan Afrilu na 2023 aka same shi da laifin kisan kai, sannan a watan Mayu aka yanke masa ɗaurin shekara 25.

Kashegarin samunsa da laifi, tun ba a faɗi yawan shekarun ba, Gwamna Greg Abbott ya bayyana cewa zai yi masa afuwa, yana kafa hujja da dokar Texas da ta ce ba dole ba ne mutum ya ja da baya kafin ya kare kansa. A ranar 16 ga Mayu, 2024, bayan hukumar afuwa ta jihar ta ba da shawara, ya cika alkawarin, Perry ya fito. Gwamna yana da wannan iko, babu mai musu. Amma ni a nan na fi ganin rauni ga adalci fiye da duk abin da ya faru a Kenosha, domin mutum goma sha biyu sun zauna kwanaki suna sauraron shaidu, sun auna dokar da gwamnan yake ambato, sun ce ba ta shafi Perry ba, sai ɗan siyasa ya soke aikinsu. Ita ma dokar da ya dogara da ita ta ba Foster haƙƙin tsayawa inda yake tsaye da bindigarsa.

A birnin Denver kuwa lamarin bai ma kai ga masu yanke hukunci ba. Wani mai gadi da ke rakiyar 'yan jarida, Matthew Dolloff, ya harbe Lee Keltner a watan Oktoba na 2020 bayan Keltner ya mare shi ya kuma fesa barkonon tsohuwa, kuma a 2022 masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar da kansu, suna cewa ba za su iya rushe iƙirarin kare kai ba.

Wanda aka wanke ba za a sake gurfanar da shi kan laifi ɗaya a kotun jiha ba, domin tsarin mulkin Amurka ya hana hakan. Abin da ya rage wa iyalan mamaci shi ne ƙarar neman diyya, inda ma'aunin ya fi sauƙi, wato a nuna cewa maganar mai ƙara ta fi rinjaye. Mahaifin Anthony Huber ya bi wannan hanya a kotun tarayya, ya haɗa da Rittenhouse da hukumomin Kenosha, kuma a farkon 2023 alƙali ya ƙi korar ƙarar, ya ce a ci gaba da sauraronta.